"Ba Canji, Baba, Yi Haƙuri": Ƙorafin Wani Tela

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a jaridar nan tamu mai farin jini in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tela ne, shagona yana Fagge a nan Kano, gidana kuma a Rijiyar Lemo. Na san da jin kalmar tela wasu masu karatu sun riga sun kwashe da dariya, suna cewa yau kuma tela ne zai kawo ƙarar wani? Su ɗan saurara mini, zan zo kanmu kafin in ajiye biro.

Maganar tsaro da tsadar abinci na bar wa waɗanda suka fi ni ilimi. Tawa ta cizon sauro ce. Ba ta kai a je asibiti ba, amma tana hana barci.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na hau adaidaita sahu daga gida zuwa shago. Kuɗin mota naira 250. Da muka iso na miƙa wa yaron naira 500. Wata baiwar Allah da muka sauka tare ita ma ta miƙa masa 500. Yaron ya laluba aljihun gaba, ya laluba na wando, ya ɗaga ledar da ke rataye a jikin madubi, sannan ya zaro ɗaya daga cikin kuɗin da muka ba shi ya danƙa mini, ya ce, "Baba, ku raba kai da Hajiya, yi haƙuri." Kafin in buɗe baki ya murɗa hannu ya shige cikin motoci. Sai ga ni tsaye a bakin titi, dattijo mai jikoki, da matar da ban taɓa gani ba, an haɗa mu da naira 500 kamar an ɗaura mana aure.

Muka je wajen mai shayi, ya ce bai yi ciniki ba tukuna, alhali ina ganin kofuna a cikin ruwan wanki. Mai goro ya ce sai in za mu saya. Mai katin waya ko ɗaga kai bai yi ba. Hajiya ta fara tsaki, ta ce asibiti za ta, an ba ta lamba tun jiya. A ƙarshe wata yarinya mai tallan gyaɗa ce ta raba gardamar. Muka sayi ƙulli biyu na hamsin-hamsin, ta ba mu 'yan 200 guda biyu, kowa ya ɗauki ɗaya da ƙullin gyaɗarsa. Ni da haƙoran da suka rage mini ba su kai na tauna gyaɗa ba! Kuma daidai lokacin da nake miƙa wa Hajiya nata ƙullin, sai ga wani maƙwabcina a kan babur, ya rage gudu ya ce, "Iye, Alhaji, ashe ana shirin ƙari?" Malam Edita, kafin in koma gida da magariba labarin ya riga ni isa wajen uwargida. Sai da na zaro gyaɗar daga aljihu na ajiye a gabanta a matsayin shaida, ita ma shaidar ba ta taimaka ba.

Wannan "ba canji" ita ce ta fi komai ɓata mini rai, domin kullum ce, kuma kullum ni ake ba wa haƙuri. Ka sayi sabulu, a cika maka canjinka da alewa. Ka sayi sukari, a miƙo maka dunƙulen magi biyu. A kemis an taɓa ba ni farasitamol a madadin naira 50, kaina bai yi ciwo ba sai bayan na karɓa. Amma ka gwada komawa wajen mai shagon da alewar nan tasa ka ce ya cike maka kuɗin ashana da ita, ka ga kallon da zai yi maka. Alewa kuɗi ce in za ta fito daga shago, in za ta koma sai ta zama alewa.

Na fara koyon ɗinki a 1976, shekara uku bayan an bar fam da sule an koma naira da kwabo. Bakinmu bai saki tsofaffin sunaye ba, kwabo biyar muna ce mata sisi, kwabo goma sule. Maigidana yakan aike ni da sule in sayo ƙosai, kuma in na dawo sai ya buɗe tafin hannu yana jiran abin da ya rage. Da 'yar Murtala ta fito a 1977, wato naira 20, in mutum ya zaro ta a shago sai an leƙo daga maƙwabta a kalle ta. Yau ka bar naira 20 a kan teburin yanka ta kwana, da safe za ka same ta inda ka bar ta. A 2007 Babban Banki ya sake fito da tsaba, kwabo 50 da naira 1 da naira 2. Ina da guda huɗu a cikin gwangwanin maɓallai har yanzu. Babu wanda ya taɓa yarda ya karɓe su daga hannuna, sai jikana da ke wasan gara-gara da su.

'Yan ƙananan takardun da suka rage kuwa abin tausayi. Na leda, wato 5 da 10 da 20 da 50, sun koɗe har ba ka gane fuskar da ke jiki. 'Yan 100 da 200 sun sha salatif kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. Mai adaidaita zai ba ka irin wannan da kansa da safe, da yamma ka miƙa masa ita ya ce, "Baba, wannan ai ta mutu." To a hannun wa ta mutu? Ni dai da ranta-ranta na ga ka ba ni, ko kuwa gawa ka danƙa mini tun farko?

Sai a ce ai zamani ya zo da sauƙi, a yi tiransifa. To bari in faɗa maka yadda tiransifa take a shagon tela. Mutum zai zo karɓar ɗinkinsa, in ninke masa in sa a leda, ya ce, "Ba ni lambar akawun." In karanto masa. Ya danna, ya danna, ya ɗaga waya sama kamar mai neman wata. "Netwok ne." Mu zauna. Ya sake dannawa. "Yauwa, ya tafi, an cire mini." Ni kuma in duba tawa wayar, shiru kamar an shuka dusa. Daga nan sai a shiga wani irin zama mai nauyi. Shi yana ganin na ɗauke shi macuci, ni ina jin kunyar riƙe masa kaya, ga keke a tsaye, ga wuta da aka kawo tana tafiya a banza. Mutumin da muka yi shekara goma muna mutunci, sai ka ga muna kallon juna ta wutsiyar ido saboda wani alat da ya maƙale a sararin samaniya.

Da ina sakin kayan in ce ya je, in ya shigo na gani. Wani saurayi ne ya koya mini hankali ana jibi Ƙaramar Sallah, shekara biyu da suka wuce. Kaftani uku na shadda, da aikin wuya, kuɗinsa naira 27,000. Ya zo fes da shi, yana ta ƙamshin turare, "Baba" a kowace jimla. Ya nuna mini fuskar wayarsa, ga sunana ɓaro-ɓaro, ga kuɗin, ga koren maki. Na ce Allah ya sa a yi Sallah lafiya. Har yau da nake rubuta maka wannan takarda kuɗin suna hanya. Ɗana ne ya yi mini bayani daga baya cewa akwai masu haɗa irin wannan rasit ɗin a waya, kamar yadda nake haɗa aljihun ƙarya a jikin riga. Tun daga ranar na koma ɗan'uwan karen nan da aka ce ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Kuma abin da ke ƙona mini rai, mutanen kirki ne suke biyan bashin yaron nan. Malamin makarantar allon unguwarmu sai da ya zauna a bencina minti 40 yana jiran alat, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

In kuma kuɗin suka maƙale da gaske, an cire a can ba su iso nan ba, sai zuwa banki. Ka rufe shago, ka karɓi lamba a bakin ƙofa, ka cike fom, wata yarinya sa'ar 'yata ta ce maka ka jira kwanakin aiki kaza, "ka yi haƙuri, Baba." Kwanakin aiki, ka ji. Nawa kwanakin da na rufe shago ba na aiki ba ne ke nan. Ga wani abin dariya. Tun 2021 aka sa naira 6.98 a kan duk wanda ya yi hulɗar banki ta hanyar danna lambobi a ƙaramar waya irin tawa. Naira shida da kwabo casa'in da takwas! Ashe kwabo yana nan da ransa, a kasuwa ne kawai ya mutu. In za a cira daga wajenka an san lissafi har zuwa kwabo, in za a ba ka ne naira 50 take zama ba komai ba. Ka haɗa da kuɗin alat, da naira 50 ta gwamnati a kan tiransifar da ta kai 10,000, da kuɗin kula da kati, kati yana aljihuna ni nake kula da abina.

Masu POS kuma ba na son in yi musu rashin adalci, yaranmu ne da suka rasa aikin yi suka kafa lema a bakin titi, kuma sun hutar da mu layin ATM. Amma har gobe raina bai saba da sayen kuɗina da kuɗina ba. Lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, da aka sauya launin 200 da 500 da 1,000 aka ce tsofaffin za su daina aiki ƙarshen Janairu, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, ni da kaina na biya naira 1,000 don a ba ni 5,000 in yi cefane. Na ga canjin kuɗi na 1984, na bi layinsa, amma ban ga an sayar da naira da naira ba sai a wannan karon. Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Maris aka dawo da tsofaffin takardu, abubuwa suka lafa, amma ɗabi'ar ta zauna daram. Yanzu mai shago ya san darajar tsabar kuɗin da ke cikin durowarsa, da yamma yana da inda zai kai su. Shi ya sa "ba canji" ta yi ƙiba.

Tunda na taɓo waya, bari in ƙarasa. Akwai masu kira, kai ne aka kira, ka ɗauka ka yi sallama, sai ka ji an ce, "Wa ke magana?" Bawan Allah, kai da ka danna lamba ai kai ka san wa kake nema. Akwai masu filashin, su katse tun kafin ƙarar ta fita, kai da kake tsakiyar yanka shadda ka ajiye almakashi ka kira da katinka, ashe tambaya ce ko ɗinkinsa ya fita. Sannan ga masu saƙon murya a WhatsApp. Wata Hajiya ta turo mini na minti takwas. Minti biyu gaisuwa, ina iyali, ina gajiya, ya aka ji da zafi. Minti uku labarin bikin da za a yi da wanda ya hana a yi shi bara. A tsakiya ta tsaya ta yi wa mai aikinta faɗa a kan tukunya, duk ina saurare. Sai a daƙiƙa goma na ƙarshe ta ce hannun rigar mijinta a rage inci ɗaya. Na kasa kunne ban ji ko na dama ko duka biyun ba, dole na sake jin abin tun daga ina kwana.

Masu kawo hoto ma suna nan. Da mutum yakan ce a yi masa 'yar shara ko jamfa ko babbar riga, mu gane juna. Yanzu sai ya miƙo maka waya da hoton wani dogon saurayi siriri da ya ci ado a wajen biki, ya ce irin wannan sak. Shi kuwa mai maganar gajere ne, da tumbi masha Allah, yadinsa kuma huɗu ne na mai sauƙin kuɗi. In ɗinki ya fito ya tsaya gaban madubi ya ce bai yi kama da hoton ba. Alhaji, rigar ta yi kama.

Wadda ta fi ci mini rai a harkar waya ita ce ta masallaci. Kusan kowace ƙofa an manna takarda, a kashe waya. Liman ya kabbara, an yi tsit, sai kiɗan biki ya tashi daga aljihun wani a sahu na biyu. Shi kuma mai wayar, don kada a gane shi ne, sai ya ƙame kamar ba shi ba, waƙa ta yi ta yi har ta gaji ta tsaya, mai kira ya sake kira. Ranar nan a sallar la'asar sai da muka ji amshin sau uku. Na rantse maka a raka'a ta uku na tsinci kaina ina bin waƙar a zuci, na yi ta istigfari. Bayan an sallame kowa ya waiga, shi ma mai wayar ya waiga yana girgiza kai tare da mu.

To, na yi alkawarin zan zo kanmu. Wanzami ba ya son jarfa, amma yau zan miƙa fuska.

Gaskiya ne, muna saɓa alkawari. Muna da uzurinmu, kuma wani na gaske ne. Keken aikin wuya da na saƙa baki da dutsen guga duk wuta suke ci, masu wuta kuwa sai su kawo ta ƙarfe biyun dare su ɗauke kafin asuba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna inji ya zama sai an yi shawara da aljihu. Yaran shago kuma yau suna nan, gobe an ce sun tafi ɗaurin aure. Duk wannan haka ne. Amma akwai abin da ba ma faɗa. In azumi ya kai goma, kowane tela ya san iya kayan da zai iya gamawa kafin Sallah. Ni na san nawa. Amma sai mutum ya shigo da shadda a leda da kafin alƙalami a hannu, bakina ya ce "kawo" tun kafin zuciyata ta yi lissafi. Na karɓi kuɗin na sayi shinkafa, kuma wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sai a shiga "gobe in sha Allahu", "saura guga", "saura maɓalli", alhali yadin ko alli ban sa masa ba. Na taɓa hango mai kaya daga nesa na shige bayan labule, na ce wa yaro ya ce na tafi Kantin Kwari sayen zare. Mutumin ya zauna a benci ya ce zai jira. Awa ɗaya da rabi na yi a tsaye tsakanin buhunan ƙyalle, ga zafi, ga atishawa tana neman tona mini asiri.

Daren Alhamis ɗin nan, bayan ƙurar gyaɗa ta lafa, ina ta zuba wa iyali irin wannan ƙorafi, sai autata da ke aji biyar na sakandare ta ce, "Baba, ranar da na kai maka abinci shago wani ya ba ka 1,000 a gyaran wando na 800, ka ce ba canji, ya bari sai ya dawo. Kuma na ga 'yan 200 a cikin durowar keke." Uwarta ta kwashe da dariya har da tafi. Na ce wannan ai na ajiye ne saboda kuɗin mota. Ta ce, "To shi ma mai adaidaitan wataƙila na kuɗin mai ya ajiye." Na ce ta tashi ta je ta yi karatu.

Ban yi barci da wuri ba a daren. Na yi ta ƙirga sau nawa na ce wa mutum "yi haƙuri" a makon, na ƙirga sau nawa aka ce mini, sai na ga kusan kunnen doki muka yi. Haƙurin da aka ba ni a bakin titi da safe, shi na ninke na ba wani a shago da rana, shi ma na san bai kwana da shi ba. Ita ce kaɗai takardar kuɗin da ban taɓa jin an ce ta mutu ba.

Roƙona ga hukuma bai da yawa. A buga ƙananan kuɗi, 50 da 100 da 200, a tabbatar sun iso kasuwa, kada su tsaya a hannun masu sayar da sababbi a bakin wuraren biki, inda za ka gan su bandir-bandir suna ƙyalli ana jiran masu liƙi. Kuɗin da ya maƙale a tiransifa kuma ya riƙa komawa da kansa ba sai dattijo ya rufe shago ya je ya cike fom ba. Masu adaidaita, don Allah in za ku haɗa fasinja da canji, ku riƙa haɗa namiji da namiji.

Ni kuma na samo gwangwanin madara na ajiye a kan teburin yanka, duk ƙaramin kuɗin da ya shigo nan yake faɗawa, kuma na damƙa amanarsa a hannun babban yaron shago don kada in ci. Bawan Allahn da ke bi na naira 200 ta gyaran wando, ya zo ya karɓa, tana nan, mai rai ce. Mai shadda ruwan toka da na ce wa ranar Talata, in yana karanta wannan jarida, ya bari sai Asabar. Wannan karon da gaske saura maɓalli.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida farin jini.

Naka,
Wani tela,
Fagge, Kano.